Lissafin Sakandare a Najeriya: Yadda Darasi Ya Koma Shinge

Babu uban da ya taɓa nema wa ɗansa gurbin karatu a Najeriya da bai haddace wannan magana ba: kiredit biyar, har da Turanci da lissafi. Ana faɗarta kamar tare aka zo da ita da makarantar boko, alhali kuwa sharaɗin yana da tarihinsa, kuma shi kansa lissafin da ake tambaya ya sauya kama ba sau ɗaya ba. Wanda ya bi sawun waɗannan sauye-sauye zai tarar da abu guda yana ta maimaituwa. Kullum doka ce ke riga malami isa aji. A yanke hukunci a ofis, a buga a takarda, a aika makarantu, sai daga baya a waiwaya a ga babu wanda aka shirya ya koyar da abin.

Ƙasar Hausa ba a hannun Turawa ta fara sanin lissafi ba. Ɗalibin zaure da ya yi nisa har ya kai babin rabon gado a Risala dole ya iya hisabi, don babu yadda za a raba dukiyar mamaci ba tare da sarrafa rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi ba. A ɗauki mas'alar matar da ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su kuma suna da sulusi biyu. Malam zai nemi asalin mas'ala ya samu shida, ya ba miji uku, ya ba su huɗu, sai ga shi rabon ya zama bakwai, ya zarce asalin. Nan sai ya yi auli, ya mayar da dukiyar kashi bakwai, kowa ya ɗan ragu daidai gwargwadon rabonsa. Wannan shi ne lissafin ɓangarori da yau yake kayar da 'yan ƙaramar sakandare. A ƙarni na 18 ma Katsina ta fitar da Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, wanda ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan hanyoyin jera lambobi a hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Sai dai hisabin wancan zamani na wanda ya kai ga bukatarsa ne. Ba a tare yaro a ƙofar zaure a ce ba zai karanta nahawu ba sai ya ci hisabi.

Da boko ya zo, daga makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawan Kano a 1909 zuwa elemantare da midil, abin da ake so shi ne malaman haraji da magatakarda da masu riƙe littafin baitulmalin En'e. Saboda haka lissafin na kuɗi ne da awo. Kuma kada a raina shi. Fam ɗaya sule ashirin ne, sule ɗaya kwabo goma sha biyu. A ce wa yaro an sayi yadi bakwai, kowane yadi sule uku da nai. Sai ya ninka kwabo tara sau bakwai ya samu sittin da uku, ya fitar da sule biyar a ciki ya bar kwabo uku, ya tara sule biyar ɗin da ashirin da ɗaya ya samu ashirin da shida, ya cire fam guda, ya rubuta fam ɗaya da sule shida da taro. Haka yake yi da inci da ƙafa da yadi da mil. Yaron da ya taso yana wannan kullum, kansa ya saba da riƙe lambobi da juya su, kuma dattawan da suka yi elemantare har yau sukan ba jikokinsu kunya a lissafin ka.

Aljabara da jometiri kuwa na 'yan ƙalilan ne da suka tsallake zuwa sama, musamman Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta koma Kaduna, sannan Zariya, ta zama Barewa. Jarrabawar daga Kambirij ta Ingila take zuwa, da tambayoyinta da ma'auninta. Bayan rahoton Dakta Jeffery na 1950 ne aka kafa WAEC a 1952, ta riƙa karɓar aikin sannu a hankali. A tsarin sakandare na shekara biyar na wancan lokaci, akwai lissafin kowa da kowa, akwai kuma ƙarin lissafi ga masu kai, wanda a cikinsa ake fara taɓa kalkulas. Wanda zai karanta injiniya ko kimiyya sai ya ƙara shekara biyu ta HSC kafin jami'a. Kayan aikin ɗalibi su ne kamfas da rula da ɗan littafin jadawalin logaridim mai lamba huɗu. In za ka ninka 47.3 da 2.86, sai ka buɗe jadawali ka ɗauko 1.6749 da 0.4564, ka tara su su ba ka 2.1313, ka koma wani shafi ka kwance, ka samu 135.3. Daga wannan tsari Farfesa Iya Abubakar ya fito, ya yi digirin dakta a Kambirij, ya shugabanci sashen lissafi na Jami'ar Ahmadu Bello yana matashi, ya kuma zama shugaban jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Tsarin yana da malamai ƙwararru, amma dalilin a fili yake: ɗaliban ba su da yawa. Akasarin 'ya'yan Arewa ko ƙofar makarantar ba su gani ba.

Guguwar farko da ta girgiza wannan tsari daga nesa ta taso. A 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam Sputnik, hankalin Amurka ya tashi, aka ce makarantunta sun gaza a lissafi da kimiyya. Malaman jami'o'i suka zauna suka sake rubuta manhaja, suka ce hadda ta isa, a koya wa yaro ginshiƙin da lissafi ya tsayu a kai. Ba a daɗe ba aka ɗauko tunanin zuwa Afirka da kuɗin tallafin Amurka. Daga 1962 aka riƙa tara masana daga Amurka da Ingila da ƙasashen Afirka masu amfani da Turanci a garin Entebbe na Yuganda, suna rubuta littattafan da suka shahara da sunan garin. Daga Najeriya, wadda ta fi kowa ɗaukar aikin a ka ita ce Grace Alele-Williams, macen farko 'yar ƙasar nan da ta samu digirin dakta, wadda daga baya ta shugabanci Jami'ar Benin. An fara gwaji a wasu makarantun Legas a 1964, da malaman da aka zaɓa aka horar, ana bibiyarsu, kuma gwajin ya ba da sha'awa. Bayan babban taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969, sai wannan sabon tsari, da ake kira lissafin zamani, ya fara bazuwa zuwa jihohi.

Me ke cikinsa? Akwai ilimin rukuni, inda ake zana da'irori masu shiga juna don nuna abin da tarin abubuwa biyu suka yi tarayya a kai. Akwai ƙirga da tushe biyu ko tushe biyar maimakon goma. Akwai dokokin da suka sa uku sau huɗu yake daidai da huɗu sau uku. Ba shirme ba ne ko kaɗan, kuma ƙirga da tushe biyu ita ce yaren kwamfuta da wayar da ke aljihun kowa a yau. Amma a dubi abin daga gida. Uba ya buɗe littafin ɗansa ya ga an rubuta huɗu a tara da uku ya ba da 12, malam kuma ya sa jan biro ya ce daidai ne. A tushe biyar daidai ɗin ne, domin bakwai biyar ɗaya ce da ragowar biyu. Uban bai san haka ba, malamin ma sau da yawa kwas na 'yan makonni kawai ya je, ya dawo yana kwafe littafi a allo. Abin da aka ƙirƙira don a kashe hadda sai ya koma sabuwar hadda, wadda ta fi ta da wahala don ba a ganin amfaninta a kasuwa. Makarantu suka rabu, wasu na koyar da na zamani, wasu na gargajiya, yaron da aka yi wa canjin makaranta ya shiga uku. A daidai lokacin kuma, ran 1 ga Janairu 1973, Naira da kobo suka maye gurbin fam da sule, mita da kilo suka fara korar yadi da laba, sai tsohon atisayen lissafin kuɗi ya tafi ba tare da an maye gurbinsa da wani abu mai kaifafa kai kamarsa ba.

A watan Janairun 1977 aka kira masana lissafi taro a Benin. Sun je da niyyar muhawara, sai kwamishinan ilimi na tarayya na lokacin, Kanar Ahmadu Ali, ya sanar da cewa gwamnati ta soke lissafin zamani. Shike nan. A ganina an yi kuskure sau biyu. An baza shi ba a shirya malamai ba, aka kuma soke shi ba tare da an tsaya an tantance abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba. Hujjar wannan tana cikin manhajar da aka rubuta bayan sokewar, domin ilimin rukuni da ƙirga da tushe daban-daban sun dawo cikinta, suna nan har gobe a littafin New General Mathematics da tambayoyin WAEC.

Abin da ya fi sokewar nauyi a tarihin nan ya faru watanni kaɗan kafin ta. A Satumban 1976 aka ƙaddamar da UPE, ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka fito fiye da yadda aka ƙiyasta. Aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, aka cika azuzuwa da waɗanda su kansu lissafin bai zauna musu ba. A sakandaren Arewa kuwa, kuɗin mai ne ya rufe giɓin na ɗan lokaci. Wanda ya yi makarantar gwamnati a shekarun 1970 zuwa farkon 1980 zai tuna malaman lissafi da fiziks daga Indiya da Pakistan da Filifin da Gana. Korar baƙi ta 1983 ta kwashi 'yan Gana da yawa, faɗuwar darajar Naira daga 1986 ta sallami sauran. Aka bar darasin a hannun 'yan bautar ƙasa, masu zuwa su yi shekara guda su tafi, wani ma ba lissafin ya karanta ba.

Jihar Kano ta yi wani abu a 1977 da ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne misali mafi kyau da na sani na tantance ɗalibai da aka yi da gaskiya. An lura jihar ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi cikin 'ya'yanta, sai aka buɗe makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ƙarƙashin hukuma mai zaman kanta. Ana shiga ne ta jarrabawa bayan yaro ya yi 'yan shekarun farko a sakandare, kuma lissafi na cikin manyan ma'aunai. Shinge ne, babu shakka. Amma a bayan shingen an tanadi malamai da ɗakunan gwaje-gwaje da kwana da abinci, kuma jarrabawar a buɗe take ga ɗan manomi da ɗan attajiri. Likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a da dama a Kano da Jigawa can suka fito. An tace, an kuma ba waɗanda aka tace abin da aka yi musu alkawari.

Tsarin 6-3-3-4, wanda manufar ilimi ta 1977 ta tanada aka fara aiwatarwa a 1982, shi ne ya kafa abin da muke ciki yanzu. Sakandare ta rabu gida biyu, shekara uku-uku. Lissafi ya zama tilas tun daga aji ɗaya har fita, ƙarin lissafin da ya koma lissafi mai zurfi na zaɓi, HSC ta shuɗe, aka rubuta SSCE ta farko a 1988. Niyyar ita ce bayan shekara ukun farko a dubi baiwar kowane yaro, wani ya nufi kwalejin fasaha, wani koyon sana'a, wani babbar sakandare. Injinan koyon sana'ar da aka sayo daga waje, da yawa a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, don babu wuta babu malami. Da hanyar sana'a ta toshe, kowa sai ya nufi jami'a.

Nan sharaɗin kiredit ya samu ƙarfi. JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta tarar da masu nema suna ninka guraben da ake da su, kuma hanya mafi sauƙi ta rage cunkoso ita ce ƙara tsawon shinge. A da, jami'o'i da yawa sukan karɓi fas kawai a lissafi daga mai son karanta lauya ko tarihi ko Hausa ko Larabci. Sannu a hankali aka daina, har C6 ya zama iyaka ga kusan kowane fanni. Wanda ya samu D7 ya ci jarrabawa a takarda, amma a wajen neman gurbi shi da mai F9 duk ɗaya ne. Sai aka riƙa ganin yarinya ta ci adabi da tarihi da addini da kyakkyawan sakamako, tana zaune gida shekara biyu ko uku tana maimaita takarda ɗaya, WAEC a bana, NECO baɗi, wadda ita ma aka kafa a 1999 ta fara jarrabawarta a 2000. A Arewa kowa ya san inda irin wannan zama yake ƙarewa ga 'ya mace, musamman in gidan ba mai hali ba ne.

Da sharaɗi ya fi ƙarfin koyarwa, kasuwa ta buɗe. Makarantun da ake kira mirakul santa suka yawaita, iyaye su biya, a rubuta amsa a allo, yaron da bai iya tara rabi da sulusi ba ya fito da B3. Jami'o'i suka daina yarda da takardun, suka ƙara tasu jarrabawar tantancewa daga 2005. Alƙaluman WAEC kansu suna sa mutum tunani. A 2014, kashi 31 da 'yan kai cikin ɗari ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi. A 2021 adadin ya haura kashi 81. Ina so in yarda cewa koyarwa ce ta inganta haka cikin shekara bakwai, amma malaman da ke karɓar waɗannan ɗalibai a ajin farko na jami'a da kwalejojin ilimi ba su ba da wannan shaida ba.

A watan Oktoban 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya, ƙarƙashin minista Tunji Alausa, ta sanar da cewa kiredit a lissafi ya daina zama sharaɗin shiga manyan makarantu ga masu karanta fannonin adabi da makamantansu, ya rage a kan 'yan kimiyya da fasaha da kimiyyar zamantakewa. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, har ma'aikatar ta fito ta ƙara bayani cewa kowane ɗalibi zai ci gaba da yin darasin da rubuta jarrabawarsa. Ni ina goyon bayan matakin. Tsare mai son karanta Larabci saboda ya kasa warware tambayar tirigonometiri bai ƙara wa ƙasar nan masanin lissafi ko ɗaya ba, sai dai ya ƙara wa masu sayar da amsa ciniki. Masu tsoron cewa ɗaliban adabi za su yi watsi da darasin gaba ɗaya su ma suna da hujja, don lauya da ɗan jarida da alƙali duk suna bukatar fahimtar kaso da riba da alƙaluma. Maganin wannan shi ne a tsara musu lissafin da ya dace da inda suka dosa, a koyar da shi da kyau, maimakon takarda ɗaya da ake auna mai son injiniya da mai son waƙa da ita.

Amma duk wannan muhawara a kan ƙofar jami'a take, alhali inda ake yanke wa yawancin yara hukunci yana can baya, a makon farko na SS1. Ranar ce ake raba su: wannan ajin kimiyya, wannan na kasuwanci, wannan na adabi. A makarantu da yawa babu malamin ba da shawara, babu zama da iyaye. Sai a ɗauko sakamakon jarrabawar JSS3, ko a yi ɗan gwaji na rana ɗaya, a dubi makin lissafi da na kimiyya, a ja layi. Wani lokacin yawan kujerun aji ne ke faɗin inda layin zai tsaya. Wani uban kuma ya zo ya matsa sai an sa ɗansa a kimiyya don yana son a kira shi baban likita, ko da yaron zuciyarsa na wani wuri.

Yaron da ake yanke wa wannan hukunci shekararsa sha huɗu ko sha biyar. Makin da ya samu ba lallai ne ya nuna kaifin kansa ba. Sau da yawa yana nuna ko makarantarsu ta samu malamin lissafi a JSS2, da kuma ko ya fahimci Turancin da aka yi tambayar da shi. Na sha ganin yaran da ke tsare shagon gidansu, suna lissafin canji da bashi da riba da ka ba kuskure, amma a rubuta musu irin wannan tambaya da Turanci sai su tsaya cak. Gwajin da marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara darussa, har da lissafi, cikin harshen Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, ya nuna ba su yi baya ba, sun ma fi takwarorinsu. Duk da haka manufar koyarwa da harshen uwa ta daɗe a takarda ba littattafai ba malamai, har gwamnati ta janye ta a Nuwamban 2025.

Wanda aka tura ajin adabi ya rabu da fiziks da kemistiri daga ranar, kuma babu hanyar dawowa a cikin tsarin. Mai son likitanci dole ya rubuta bayoloji da kemistiri da fiziks a JAMB, mai son injiniya lissafi da fiziks da kemistiri, kuma ba za ka rubuta abin da ba a koya maka ba. Wanda ya samu shiga ajin kimiyya ma bai tsira ba. Lissafi mai zurfi, wanda shi ne shimfiɗar abin da zai tarar a shekarar farko ta injiniya, makarantun gwamnati da yawa a karkara ba sa koyar da shi sam, saboda malamin lissafin ɗaya ne tal, yana zagaya azuzuwa daga JSS1 har SS3. Yaro ya fito da kiredit ɗinsa cikakke, ya samu gurbi a Zariya ko Bayero ko Maiduguri, ya zauna aji ɗaya da wanda ya yi shekara biyu yana kalkulas a makarantar kuɗi, a ba su jarrabawa ɗaya a ƙarshen zango.